Daga Fagen Yaƙi Zuwa Kicin Ɗin Uwargida: Tarihin Na'urar Ɗumama Abinci

   

Yau ba sanwa za mu ɗora ba, tarihi za mu taɓa. Akwai wani ɗan akwati da ya shigo kicin ɗinmu, wanda yanzu da wuya a yi wa 'yar birni jere a rasa shi a cikin kaya. Ana kiransa maikirowef, mu kuma muna ce masa na'urar ɗumama abinci. Wata tana amfani da ita kullum. Wata ta lulluɓe ta da kyalle mai ado tun ranar da aka kawo ta, ba ta taɓa jona ta ba. Wata kuma tsoronta take ji, don an ce mata tana sa ciwon daji. To, daga ina wannan abu ya fito? Wa ya ƙirƙiro shi, kuma don wa? Idan muka san asalinsa, za mu fi sanin inda zai amfane mu da inda ba shi da abin da zai tsinana mana.

Abin mamaki, asalin wannan na'ura ba shi da wata alaƙa da girki. A fagen yaƙi aka haife ta. A shekarar 1939 Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Ingila kuma ta shiga tsaka mai wuya, domin jiragen saman Jamus suna zuwa su yi ruwan bama-bamai, jiragen ƙarƙashin ruwa kuma suna nutsar da jiragen da ke kawo mata abinci. Abin da ake buƙata shi ne hanyar hango abokin gaba tun yana nesa, ko cikin dare, ko cikin hazo. Wannan hanya ita ce rada. Yadda take aiki kamar amsa-kuwwa ne: a aika wasu igiyoyi marasa ganuwa cikin iska, idan suka bugi jirgi su dawo, daga nan a gane inda yake. Sai dai radar farko tana da girma ƙwarai, ba ta kuma iya hango ƙananan abubuwa. A farkon 1940 wasu masana biyu na Jami'ar Birmingham, John Randall da Harry Boot, suka ƙera wani ɗan ƙarfe na jan gaci wanda zai zauna a tafin hannu, mai fitar da gajerun igiyoyi masu ƙarfin gaske. Sunansa maginetiron. Ki riƙe wannan suna, domin har yau shi ne zuciyar na'urar da ke kicin ɗinki.

Ingila ba ta da halin ƙera shi da yawa ga yaƙi ya taso ta a gaba. Saboda haka a watan Satumba na 1940 wata tawaga ta masana ta ɗauke shi a asirce cikin akwatin ƙarfe ta tsallaka teku zuwa Amurka. Cikin kamfanonin da aka nuna wa akwai Raytheon, a jihar Massachusetts, kuma a nan ne wani mutum mai suna Percy Spencer yake aiki.

Labarin wannan bawan Allah abin a tsaya a kai ne, musamman ga iyayen da ke riƙon marayu. An haife shi a 1894 a jihar Maine. Mahaifinsa ya rasu yana jariri, aka miƙa shi hannun dangi, kawun da ya riƙe shi shi ma ya rasu yaron yana da shekara bakwai. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya bar makaranta ya kama aikin ƙarfi a wata masana'anta don su samu abin kai wa baka. Ko firamare bai gama ba. Amma Allah ya ba shi kwakwa da son sanin yadda abubuwa ke aiki. Da ya shiga sojan ruwa a 1912, sai ya riƙa karanta littattafan lissafi da na lantarki da dare yana kan gadi, har ya zama gwani a harkar rediyo. Lokacin da aka kawo maginetiron, ana yini guda ba a ƙera fiye da guda 17 ba. Spencer ya sake wa aikin tsari, har kamfanin ya kai ga fitar da guda 2,600 a rana.

A 1945, yana tsaye kusa da wata na'urar rada da ke kunne, sai ya ji alewar da ke aljihunsa ta narke. An fi cewa cakulan ce, jikansa kuma ya ce alewar gyaɗa ce. Ko ma wacce ce, ba shi ne na farko da ya lura da irin wannan ɗumi ba, amma shi ne ya tsaya ya tambayi kansa dalili. Ya aika aka sayo masa masara, ya ajiye a gaban na'urar, nan take ta fashe ta zama gugguru. Daga baya aka gwada ƙwai da ɓawonsa. Wani abokin aikinsa ya leƙa don ya ga abin da ke faruwa, ƙwan ya tarwatse masa a fuska. Kin ji, Hajiya, tun ranar farko ƙwai da ɓawo bai taɓa shiri da wannan na'ura ba, kuma har gobe ba za su shirya ba. A ranar 8 ga Oktoba, 1945, kamfanin ya shigar da takardar mallakar wannan fasaha ta dafa abinci.

Na'urar farko da aka fitar kasuwa a 1947 an sa mata suna Radarange. Kada ki ɗauka irin taki ce. Tsawonta ya kusa ƙafa shida, wato tsayin namiji, nauyinta kuwa ya kai kilo 340, kusan buhun shinkafa bakwai ke nan. Sai an ja mata famfon ruwa don ya riƙa sanyaya ta, kuɗinta kuma dubban daloli ne, ya fi na sabuwar mota a wancan zamani. Wace uwargida ce za ta kai wannan ɗakinta? Sai manyan gidajen abinci da jiragen ruwa da jiragen ƙasa suka saya. A 1955 kamfanin Tappan ya gwada yin ta gida, mai shiga jikin bango, a kan dala 1,295. A shekarar farko guda 34 kacal aka ƙera. Abu ya ƙi karɓuwa har tsawon shekara ashirin.

Sauyi ya zo ne a 1967, bayan Raytheon ya sayi wani kamfanin ƙera firji mai suna Amana. Injiniyoyin Japan sun riga sun samo hanyar yin maginetiron ƙarami mai araha, wanda iska ke sanyaya shi ba ruwa ba. Da shi aka yi na'urar da za a ɗora a kan kanta a jona ta a soket ɗin gida, aka sa mata dala 495. Kamfanin Sharp na Japan kuma shi ya kawo farantin nan mai juyawa a tsakiyar shekarun 1960. Duk da haka mutane ba su saki jiki ba. Zamani ne na tsoron makamin nukiliya, kowa ya ji an ce abu yana fitar da igiyoyin da ido ba ya gani sai gabansa ya faɗi. Gwamnatin Amurka ta kafa ƙa'ida wadda ta fara aiki a 1971, ta iyakance abin da aka yarda ya tsira daga jikin na'urar, ta kuma wajabta sa makullan da ke kashe ta da zarar an buɗe ƙofa. Sannu a hankali tsoro ya kau. A 1975 an sayar da maikirowef a Amurka fiye da murhun gas. A 1986 gida ɗaya cikin huɗu ke da ita, zuwa 1997 kuwa gida tara cikin goma. Daga Japan ƙira ta koma Koriya ta Kudu, daga nan ta koma ƙasar Sin. Kamfanin Galanz, wanda ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya a wannan sana'a, asalinsa gashin agwagwa yake sarrafawa, sai a farkon shekarun 1990 ya juya ga ƙera na'urar. Wannan gasa ce ta karya farashi har abin ya iso kasuwanninmu.

Sai dai araha kaɗai ba ta isa ta bayyana wannan karɓuwa ba. Akwai abin da ya sauya a cikin gidajen su kansu. A 1950, cikin matan Amurka kashi 34 cikin ɗari ne ke fita aiki. Zuwa 1999 sun kai kashi 60. Matar da ta tashi aiki ƙarfe biyar, ta biya ta ɗauko yara, ta iso gida magariba ta kawo jiki, ba ta da awa biyun da za ta tsaya gaban tukunya. Ita ce ta sayi maikirowef.

Idan muka ƙara ja da baya, za mu ga da yawa daga abincin gaggawa da muka sani, ko dai yaƙi ne ya haifar da shi, ko yunwa, ko fitar mata aiki. Abincin gwangwani ya samo asali ne daga Faransa, lokacin da ake neman yadda za a ciyar da sojoji a doguwar tafiya. Wani mai yin kayan zaƙi, Nicolas Appert, ya gano cewa idan aka toshe abinci a kwalba aka tafasa, zai daɗe bai lalace ba, gwamnati ta ba shi faran 12,000 a 1810. A wannan shekarar ce kuma aka yi rajistar gwangwanin ƙarfe a Ingila. Abin dariyar shi ne, sai bayan fiye da shekara arba'in aka ƙirƙiro mabuɗin gwangwani. Kafin nan da guduma da kurfi ake fasawa.

Dunƙulen Maggi da muke jefawa a miya shi ma yana da nasa labarin. A ƙasar Suwizalan, a shekarun 1880, mata da yawa sun shiga aikin masaƙu, ba su da lokacin girki, yara suka fara ramewa. Wani likita mai duba masana'antu, Fridolin Schuler, ya damu da abin. Shi ya haɗa kai da wani mai injin niƙa, Julius Maggi, aka fara yin garin wake da dangoginsa mai saurin dahuwa. A 1886 aka fitar da garin miya na nan take, a 1908 kuma aka yi dunƙulen. Haka abincin ƙanƙara: wani Ba'amurke, Clarence Birdseye, ya zauna a yankin Labrador na Kanada, ya ga yadda mutanen wurin ke kama kifi ya daskare nan take saboda tsananin sanyi, kuma in an dafa shi bayan watanni ɗanɗanonsa yana nan. Ya koma gida ya ƙera injin da ke yin haka, a 1930 aka fara sayar da kayansa a kantuna. A farkon shekarun 1950 kamfanin Swanson ya fito da cikakken abincin dare a daskare cikin tire, naman talotalo da dankali da wake, a kan santi 98, a zura a tanda a ci a gaban talabijin. Tiren na gorar ruwa ne, ba ya shiga maikirowef, sai a 1986 aka sauya shi da wanda zai shiga. Daga nan firji da maikirowef suka zama Hassan da Hussaini.

Taliyar nan da yaranmu ba sa gajiya da ita kuwa, daga Japan ta fito. Bayan yaƙi an yi yunwa a ƙasar, mutane suna dogon layi cikin sanyi don kwano guda na taliya. Wani ɗan kasuwa da ya karye, Momofuku Ando, ya shiga wata 'yar rumfa a bayan gidansa kusa da birnin Osaka yana ta gwaji. Wata rana ya ga matarsa tana suya, ya lura da yadda mai mai zafi ke korar ruwa daga jikin ƙullu. Ya soya taliyarsa haka, ta bushe, ta zama da an zuba mata tafasasshen ruwa sai ta dawo. A 1958 ya fitar da ita, yana da shekara 48. Indomie kuma 'yar Indunusiya ce, an fara shigo da ita Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa mata masana'anta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Yau ga ta har teburin mai shayi.

To, yaya na'urar take dafa abu ba wuta ba hayaƙi? Kin ga muryar nan tawa da ke iso miki ta akwatin rediyo, wasu igiyoyi ne ke ɗauko ta. Na maikirowef danginsu ne, sai dai sun fi su gajarta da saurin kaɗawa. Na tashar FM suna kaɗawa wajen sau miliyan 100 a daƙiƙa guda, na maikirowef kuwa sau miliyan 2,450. Idan suka shiga abinci, sai su sa ƙananan ƙwayoyin ruwan da ke cikinsa su yi ta jujjuyawa suna gogar juna, wannan motsi shi ne zafin. Shi ya sa abu mai ruwa-ruwa yake saurin ɗauka, busasshen tangaran kuwa ba ya ɗauka sai zafin abincin ya taɓa shi. Ƙarfe yana mayar da igiyoyin baya, don haka aka yi cikin akwatin da ƙarfe, aka kuma sa wannan raga mai ƙananan huji a jikin gilashin ƙofa: haske yana wucewa ki ga abincinki, igiyoyin kuma ba sa iya fitowa. Da an kashe, sun ɗauke, kamar yadda haske ke ɗaukewa in an kashe ƙwan lantarki. Ba abin da ke maƙalewa a cikin abinci. Ba irin hasken hoton ƙashi na asibiti ba ne, ba kuma irin na nukiliya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa na'urar ba ta da haɗari matuƙar lafiyarta ƙalau kuma an bi ƙa'idar amfani da ita. Wadda ƙofarta ta lanƙwashe ko ba ta rufuwa sosai, ita ce abin gudu.

Yanzu mu dawo gida. Kada wata ta ɗauka Bature ne ya koya mana dabarar sauƙaƙa girki. Kakanninmu sun san gaggawa, sun kuma yi mata tanadi. Mece ce kuka in ba garin miya na nan take ba? Haka busasshiyar kuɓewa, da kalkashi, da kaɗe-kaɗen da ake yi da su cikin ɗan lokaci. Daddawa ita ce dunƙulenmu tun kafin a haifi Julius Maggi. Fatake da mahajjatan ƙasa da suke wata da watanni a hanya, guzurinsu kilishi ne da dambun nama da gumba da dakuwa, abincin da ba ya neman wuta. Fura a dama a sha. Ƙanzo a jiƙa a kwaɗa da ƙuli. Uwa-uba kuma ɗumame. Tuwon jiya da miyar jiya, a mayar kan wuta da sassafe, yara su ci su tafi makarantar allo, maigida ya ci ya wuce gona. Akwai masu cewa ma ya fi sabon tuwo daɗi. Ashe aikin da aka fi sa maikirowef a duk duniya, wato ɗumama abin da ya kwana, mu mun daɗe da ba shi suna.

Abin da ya fi cin ran mace a girkinmu na gargajiya, kafin a kai ga tukunya yake. A yi sussuka, a yi surfe, a bakace, a wanke, a shanya, a daka ko a niƙa a dutse, a tankaɗe, sannan a je neman itace ko kara, a hura wuta a murhu mai duwatsu uku. Kafin a yi talge a tuƙa a kwashe, yini ya tafi. Shi ya sa in za a yi adalci, na'urar da ta fi kowace sauƙaƙa wa matan ƙasar Hausa ita ce injin niƙa da na markaɗe. Ki tambayi duk wata tsohuwa da ta yi zamanin dutsen niƙa, za ta nuna miki kantar hannunta. Bayan inji sai risho ya shigo, ya raba matan birni da hura wuta. Da kananzir ya yi wuya a shekarun 1990, mata suka koma murhun nan na garin katako da aka laƙaba wa sunan Abaca. Aka janye tallafin kananzir a 2016, risho ya fara shiga ƙarƙashin gado, tukunyar gas da murhun gawayi suka karɓi fage. Kowane sauyi a kicin ɗinmu, in kin duba, aljihu ne ya kawo shi.

A nan ne maikirowef ta gamu da cikas a wurinmu. An ƙera ta ne don gidan da wuta ba ta ɗaukewa, kuma firji yana cike da abincin da aka riga aka dafa. Tana jan wuta daga wat 1,000 zuwa 1,500, ƙaramin janareton nan na gida kuwa bai kai wat dubu ba, ba zai ɗauke ta ba. In babu wuta, firjin ma da zai adana abincin ya zama kabad. Ga kuma yawan baki: an yi ta ne don kwanon mutum ɗaya ko biyu, ba don gidan da ake kwashe malmala talatin ba. Saboda haka ina kira ga iyaye masu haɗa kayan ɗaki, a duba inda za a kai yarinya kafin a ci bashi. Idan unguwar ba ta samun wuta, tukunyar gas da tukunyar nan mai tururi da ke dafa wake da ganda cikin ɗan lokaci sun fi mata amfani nesa ba kusa ba. Kayan kicin don aiki ake sayensu, 'yan ganin ɗaki kwana ɗaya za su yi su watse.

Akwai kuma wata tambaya da masana tarihi suka yi, wadda ta shafe mu kai tsaye: shin waɗannan na'urori sun hutar da mace? Wata mai bincike a Amurka, Joann Vanek, ta duba bayanan shekaru da dama ta wallafa a 1974. Ta samu cewa matar da ba ta fita aiki tana yin kimanin awa 52 a mako a aikin gida a shekarun 1920, a shekarun 1960 kuma, bayan shigowar firji da injin wanki da sauransu, awa 55 take yi. Wata malamar tarihi, Ruth Schwartz Cowan, ta rubuta littafi a kan haka a 1983. Bayaninta shi ne, na'urorin sun ɗauke aikin da maza da yara da 'yan aiki suke taimakawa da shi, kamar faskare da ɗebo ruwa, sauran aikin ya tattaru a kan uwargida ita kaɗai, sannan aka ƙara tsammanin abubuwa daga gare ta. Ai mu ma mun ga haka. Da can tuwo ɗaya ake yi kowa ya ci. Yanzu wannan yana son shinkafa, wancan taliya, maigida ya dawo sha ɗayan dare ya ce a ɗumama, tunda ai "minti biyu ne". To, Alhaji, tunda minti biyu ne, maɓallin ba ya tambayar hannun wa ya danna shi. A koya wa yara maza da mata su ɗumama da kansu.

Duk da haka kada mu raina abin da ya rage mana hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙarsa, har da na goye. Duk ɗumamen da aka yi ba tare da an hura itace ba, riba ce ga ƙirji da ido.

Ga wadda Allah ya hore wa na'urar da wutar, ga abin da ta ƙware a kai. Ɗumamen tuwo: ki yanka malmalar gida huɗu, ki yayyafa ruwa, ki rufe, ki ba shi minti biyu zuwa uku, miya kuma daban, kina juyawa. Dankalin Hausa: ki wanke, ki soke shi da cokali mai yatsu wuri-wuri, minti biyar zuwa takwas gwargwadon girmansa, ki ci da mai da yaji. Ƙwai: ki fasa a kofin tangaran, ki kaɗa da albasa da gishiri, minti ɗaya ya wadatar, ga karin kumallon ɗan makaranta. Alala a ƙananan kofuna tana nuna cikin mintuna kaɗan. Alayyafo da kabeji da karas kuwa, da ruwa cokali biyu za su yi laushi, kuma da yake ba a tafasa su an zubar da ruwan ba, amfaninsu ya fi zama a jiki. Amma ba ta suya, ba ta gashi mai ƙamshin wuta, ba ta kuma tuƙa tuwo. Muciya tana nan da sarautarta.

Sai a kiyaye waɗannan. Igiyoyin ba sa shiga can ƙuryar abinci, iyakarsu kamar gaɓar yatsa, daga nan zafi ne ke ratsawa da kansa. Shi ya sa za ki ga gefe yana tafasa tsakiya da sanyi. Ki juya, ki mayar, ki kuma bar shi ya huta minti ɗaya ko biyu kafin a ci, ya zama ko'ina yana tururi. Kada a sa cokali, ko kwanon samira, ko na silba, ko faranti mai zanen ruwan gwal, tartsatsi za su yi. Kada a ɗumama abinci a baƙar leda ko robar da ba don haka aka yi ta ba, tangaran da gilashi mai kauri sun fi. Madarar jariri kada ta shiga, domin kwalbar za ta yi ɗumi a hannu alhali wani sashe na madarar ya isa ya ƙona masa baki. Ruwan shayi ma a yi hattara, yakan wuce tafasa bai nuna ba, sai an jefa sukari ya taso. Shinkafa kuma, in ta huce a sa ta a firji da wuri, kada ta wuce awa biyu a waje, musamman da bazara. Akwai ƙwayar cutar da ke barin dafi a cikinta, wanda ɗumamawa ba ta kashe shi. Abin da ya riga ya lalace, na'ura ba ta gyara shi. Rigakafi ya fi magani.

'Yan'uwa, nan za mu dasa aya. Mun ga yadda ɗan ƙarfen da aka ƙera don hango jiragen yaƙi a 1940 ya bi ta hannun wani maraya, ya yi shekara kusan talatin yana neman shiga gida, har ya iso inda yake ɗumama mana tuwon masara da miyar kuka. Mai ita ta cire mata kyalle ta more kuɗinta. Wadda ba ta da ita kuma kada ta sa wa ranta damuwa, ta yi tanadi irin na kakanni: a daka yaji a ajiye, a soya kayan miya na kwana biyu, a tsince wake tun dare. Muna jiran wasiƙunku, musamman iyayenmu da suka ga zamanin dutsen niƙa, ku ba mu labarin yadda girki yake a lokacinku. Allah ya sa albarka a abin da muke ci, ya hore wa magidanta abin cefane, ya bar mu da zaman lafiya a ɗakunanmu. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.